Sharar Kurmin Dakwara

Nguru, 9 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga Adda Kaltum, 'yar Kawu Hamajoɗa, uwar marayu, shugabar masu tsintar ƙaro ta Gashua da kewayenta.

Takarda ta fito daga hannun taubashinki kuma ubangidanki Kyari, magatakardan sito a tashar jirgin ƙasa, wanda alƙalaminsa ke tsai da tarago, shi ke kuma sallamarsa. Bayan gaisuwa gwargwadon wadda ta cancanci Bafulatana daga Babarbare, wato 'yar kaɗan, ina tambayar lafiyarki da ta yara. Mu nan sai godiya.

Mahaifinki yana ci, yana barci, yana kuma kushe burabiskon mahaifiyata kullum bayan ya suɗe kwano. Likita ya ce yanar idon hagu ta nuna, za a yi aiki idan tarin ya lafa. Game da idon dama bai ce kome ba, ni ma ban matsa masa ba. Abin da ke hana Kawu sukuni kin san shi. Kowace la'asar sai ya sa na zaunar da shi yana fuskantar gabas, ya ce yanzu dakwara ta zubar da ganye, lokacin tsaga ta don ƙaro ya yi, sannan ya tambaye ni ko ɗan kwangilar da aka ba kurminsa na bayan Katuzu don gonar alkama ya janye. Nakan ce masa ana kan magana.

To, gyara zama ki ji abin da ƙaddara ta sauke a tasharmu. Wani malamin jami'a ne, Malam Aondona, mutumin Binuwai, ya zo karɓar akwatunansa a sitona. Na tambaye shi me ya kawo mai ilimi ƙarshen layin dogo. Ya ce wata dabba yake nema. Girmanta bai wuce ɗan kyanwa ba, idanu dara-dara, kunnuwa irin na jemage, jela doguwa mai gashi, ba ta fita sai da dare, kukanta kuma kamar na jariri. Ya ce tana da dangi na nesa a wani tsibiri mai suna Madagaska, kamar dai yadda nake da ke a Gashua, ana jin labari, ba a cika ganin amfani ba. Ya yi mako biyu a dajin Karasuwa bai ga ko jelarta ba.

Da dare na kwashe labarin na ba Kawu don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya miƙe zaune ya ce, “Ai ɗan birin dare ke nan, ɓarawon ƙarona! Shekara da shekaru muna raba dakwara da shi, ni rana, shi dare.”

Washegari na kai malamin gaban Kawu, suka yi ta zance har shayi ya huce. Ƙarshenta malamin ya ce idan ya ga dabbar da idonsa, ya ɗauki hotonta a kurmin, zai rubuta wa masu kula da gandun daji, kuma yana da kyakkyawan zato za a hana sare wurin.

Ki duba ikon Allah, Adda. Kurmin da manyan mutane suka kasa tsayawa dominsa, ga shi biri zai tsaya masa. Ina ba da shawara a fara ɗinka masa alkyabba.

Naki cikin girma da ɗaukaka,
Kyari

*

Gashua, 15 ga Nuwamba

Kyari,

Saleh direba ya kawo takardarka. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi zazzaɓi, ya warware. Ka gaida mahaifiyarka, Allah ya saka mata da ɗawainiyar Baba.

Babarbare, ba ni da bakin dariya. Ranar Laraba yaran ɗan kwangila suka zo da gwangwanin jan fenti, suka bi bakin kurmi suna shafa wa itatuwa. Ɗayansu ya ce in tsinci abin da zan tsinta bana, katafila za ta shigo kafin zafi. Na je wurin mai unguwa, ya ce abu ne daga sama.

Shekarar da ciwon bushiya ya kwashe mana shanu, kurmin nan ne ya riƙe mu. Da uban yaran nan ya rasu, shi ne dai. Ba mu da wani abu bayansa. Ina cikin wannan, kai kuma ka aiko mini da biri da alkyabba. Kai ne fa ka taɓa rubuto mana cewa an naɗa ka sarkin tasha, Baba ya yanka zakara.

In da gaske kake, ka faɗa mini da Hausar mutane, ka kuma rantse. In wasa ne, ka bar shi can Nguru. Kada ka gaya wa Baba zancen fentin.

Kaltum

*

Nguru, 22 ga Nuwamba

Zuwa ga Adda Kaltum,

Bayan gaisuwa da jajen zazzaɓin ƙaramin, Kawu yana samun sauƙin tari. Ban gaya masa zancen fentin ba.

Kin nemi rantsuwa, ga ta. Wallahi, tallahi, abin da ke cikin wannan takarda gaskiya ne, ba sarautar tasha ba ce. Malam Aondona mutum ne mai jini da tsoka, yana kwana a masaukin baƙi, yana cin tsire da barkonon da zai kashe Bafulatani. Ya tafi Kano neman batir da fim na kyamara. Idan ya dawo za mu taho tare ranar Asabar, 19 ga Disamba, lokacin da wata ya yi duhu, domin ya ce a duhu ake ganin ƙyallin idon dabbar. Za mu kwana biyu a Katuzu. Idan aka gan ta, zai rubuta. Bai yi mini alkawarin cewa za a saurare shi ba, amma ya ce ya taɓa rubuta irin wannan a kan wata fadama, aka bar ta.

Kawu ya canja tun ranar da suka gana. Jiya ya sa an yi masa aski. Ya ce idan an buɗe masa ido, abin da zai fara kallo shi ne ɓarawon nan, ya ga ko ya tsufa kamarsa. Mahaifiyata ta ce ashe ba ita za a fara kallo ba bayan duk tuwon da ta tuƙa, ya ce tuwon ne ma ya sa.

Saboda haka, ya ke Bafulatana, ki ɗaura ɗamara. Wannan baƙo ba irin masu taya nono a bakin kasuwa ba ne, mutum ne da sa hannunsa ke isa Maiduguri ba tare da ya tsaya gaisuwa a hanya ba. A share kurmi tas kamar farfajiyar gidan gwamna. A kau da duk wani ruɓaɓɓen kututture da zai zubar mana da mutunci. A shafa wa itatuwa farar ƙasa su tsaya a jere kamar 'yan sanda ranar fareti. A kira makaɗa, a kunna fitilu, domin Mai Girma Ɗan Biri, Galadiman Ƙaro, ya fito ya karɓi gaisuwar talakawansa.

Naki, mai jiran lambar yabo,
Kyari

*

Nguru, 3 ga Disamba

Adda Kaltum,

Gaisuwa a gaggauce, Saleh yana ɗaure kaya. Kawu lafiya.

Malam Aondona ya dawo. Na karanta masa ƙarshen takardar da na aiko miki don ya ji fasahar Barebari, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce kada a taɓa kome. Busassun itatuwan nan masu kogo, a cikinsu dabbar ke wuni tana barci. Ƙaron da ke jikin dakwara shi ne abincinta a wannan lokaci, a bar shi sai mun zo. Ban da wuta, ban da hayaniya, ban da taro.

Na san kin san zancen shara da makaɗa ado ne kawai na alƙalami, ke da kika san ni tun ina rarrafe. Amma malamin ya ce lallai in rubuta, na rubuta. A bar kurmi yadda Kawu ya bar shi.

Kyari

*

Gashua, 16 ga Disamba

Kyari,

Muna lafiya, ina fatan Baba yana ƙara samun sauƙi. Tun takardarka mai rantsuwa ban sake jin ɗuriyarka ba, na ce to, magana ta ƙare, saura aiki.

Ka gaya wa baƙonka ba za mu ji kunya ba. Na kira gayya ranar Lahadi, samarin Katuzu suka fito kamar ana biki. Na buɗe buhun geron da na ajiye wa yara na dama musu fura. An share ƙarƙashin itatuwa, an tara ciyawa da ƙirare an ƙone. Tsofaffin aduwoyin nan da suka bushe a tsaye, da kanyar da tsawa ta kashe, duk an kayar an faskara. Da farko samarin sun ƙi, suka ce Baba ba ya yarda a taɓa su. Na karanta musu rantsuwarka, suka sa gatari.

Farar ƙasa ba ta isa duka ba, mun shafa wa na bakin hanya, har ta rufe jan fentin. Na tsince ƙaro kakaf, na zaɓi manyan dunƙulen masu haske na cika jaka, tsarabar baƙo. Mai kalangu ya ce zai zo da yaransa, liman ya ara mana fitilar gas.

Duk babban da ya taɓa zuwa garin nan, share masa hanya aka yi, amma ba a taɓa yi wa kowa irin wannan ba. Jiya na tsaya a bakin kurmi ina hango ƙarshensa. Hannuna duk kanta, amma rabon da in yi barci mai daɗi irin na daren jiya tun kafin a kai Baba Nguru.

Allah ya kawo ku lafiya.

Kaltum

*

Gashua, 27 ga Disamba

Kyari,

Yau Saleh ya zo da wata takarda taka mai kwanan wata 3 ga Disamba. Motarsa ce ta lalace a rairayin hanyar Yusufari, ya bar ta can da takardar a cikin aljihun gaba, sai jiya aka jawo ta. Ya ba ni haƙuri, bai san abin da ke ciki ba.

Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Yanzu na gane abin da ya sa ka sallami mai kalangu tun kafin ya ɗaura ganga, da abin da ya sa ka kasa haɗa ido da ni kwana biyu. Na tambaye ka da safe ko an dace, ka ce bincike yana kan tafarkinsa. Ka ci tuwona, ka hau mota.

Ba na son tafarki. Kun gan shi ko ba ku gan shi ba? Me ka gaya wa Baba?

Kaltum

*

Nguru, 5 ga Janairu, 1988

Zuwa ga Adda Kaltum,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Kawu yana nan, tari ya tafi, an sa ranar aiki mako mai zuwa.

Ba mu gan shi ba.

Takardarki ta gayya ta iske ni da safiyar ranar da za mu taso, malamin yana cikin mota yana jira. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu. Daga Nguru har Jajimaji ina neman kalmar da zan fara gaya masa da ita, ni da ban taɓa rasa kalma ba. Ban samu ba sai da muka tsaya a bakin kurmi ya gani da kansa. Ya daɗe yana kallon farar ƙasar. Sannan ya cire hularsa ya gaishe ki, ya karɓi jakar ƙaro da hannu biyu. A hanya ya ce mini bai taɓa zuwa inda aka girmama shi haka ba, kuma kada in kuskura in gaya miki kome a gaban mutanen da suka yi aikin.

Bayan isha muka shiga, kowa da fitila ɗaure a goshi irin ta maharba. Ya koya mini in riƙa bin rassa da haske a hankali, in nemi jan ƙyalli guda biyu kamar garwashi. Adda, na haska kowane reshe a kurmin mahaifinki. Wurin ya yi fayau, haske yana wucewa har ƙarshe ba abin da ya tare shi, ƙafafunmu suna nutsewa a toka. Sau ɗaya na ga idanu, na damƙe hannunsa. Kyanwar liman ce ta biyo mu.

Dare na biyu muka wuce kurmi, muka bi bakin fadama har ƙafa ta gaji. Mukan tsaya mu kashe fitila mu saurara ko za mu ji kukan. Ba mu ji kome ba sai karnukan gari.

Da gari ya waye malamin ya je inda aka jibge faskaren. Ya juya wani guntun aduwa mai kogo, ya zura hannu, ya fito da busassun ganyaye da aka shimfiɗa kamar gado, da 'yan gashi masu laushi, toka-toka. Ya ce, “Kyari, tsohon bai yi ƙarya ba. Nan suke kwana.”

Na ce, “To ai shi ke nan, Malam, ka rubuta ka gani.”

Ya ce, “Na ga gidansu. Su ban gan su ba.”

Na roƙe shi. Na yi masa Hausa, na yi masa Turanci, na kira shi da duk laƙabin da na sani. Ya ce zai rubuta gaskiyar abin da ya tarar, amma in sani masu gandun daji ba sa tsai da katafila saboda gashi. Ya ce wataƙila su dawo da damina idan wurin ya yi duhu. Na ce masa kurmin ba zai ga damina ba.

Kin tambayi abin da na gaya wa Kawu. Na iske shi a ƙofar gida, tun asuba yake zaune yana sauraron motoci. Bai bari na ajiye jaka ba ya ce, “Yaya ɓarawona?” Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina cewa mun gan shi a kan babbar dakwarar tsakiya, ya yi ƙiba, ya dube mu da raini, ya yi tsalle ɗaya ya haye itace uku. Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Shi ne! Haka yake, mara kunya!” Tun daga ranar kullum sai na sake ba shi labarin, kullum kuma birin yana ƙara ƙiba.

Kin roƙe ni Hausar mutane, na ba ki rabi, na cika sauran da kwalliya a ƙarƙashin sunan Allah. Gatarin na samarin Katuzu ne, amma ni na wasa shi. Ban san kalmar da ake ba da haƙuri da ita a kan irin wannan ba.

Kawu ya ce da an kwance masa bandeji gida zai tafi. Ki gaya mini yadda zan yi.

Kyari

*

Gashua, 11 ga Maris

Kyari,

Muna lafiya. Na ga takardunka guda biyu na watan jiya, ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Ba fushi ba ne kaɗai. Ni aka haifa a bakin kurmin nan, ni ya kamata in tsaya in tambayi kaina me ya sa Baba bai taɓa sare busassun ba. Na ga rantsuwa na rufe ido. Mu bar wannan.

Katafila ta shigo tsakiyar Fabrairu. Ba ta daɗe ba. Sun ture itatuwan gefe guda, sun tara su tsibi-tsibi a bakin fili. Malaminka ya aiko mini da kwafin abin da ya rubuta, na ajiye.

Saleh ya kawo Baba lafiya, ya zaunar da shi a gaba. Na yi zaton za ka rako shi. Idon kamar yadda ka rubuta ne, yana bambance rana da inuwa, ban da wannan babu. Ya kwana biyu yana ba maƙwabta labarin birinka, yana ƙara masa nasa. Ba wanda ya ce masa kome, na riga na bi gida gida na roƙe su.

Ran na uku ya ce in kai shi. Na ce rana ta yi, ya ce da yamma. Da yamma na ce ƙafata na ciwo, ya ɗauki sandarsa ya ce zai tafi shi kaɗai. Sai na riƙe masa hannu muka tafi.

Muka shiga filin. Ina ta surutu, ina cewa ga wance can, ga wance nan, bana sun yi ƙaro sosai. Muka kai wajen tsakiya, ya tsaya, ya shafa rigarsa daga kafaɗa har gwiwa.

Ya ce, “Kaltum, tun ɗazu muke tafiya, ko ƙaya ɗaya ba ta kama ni ba.”

Na ce ai hanya na bi da shi mai faɗi. Na ja shi a hankali zuwa bakin fili inda aka tara itatuwan, na matsa da shi har wani reshe ya kama hannun rigarsa. Na ce, “Ga ta nan, Baba, ka ji.”

Ya sa yatsu ya cire ƙayar a hankali, kamar yadda ya saba. Ya bi reshen da hannu, ya lanƙwasa shi. Ya karye ƙas.

Ya riƙe guntun a hannu. Sannan ya ce, “Mu koma, magariba ta yi.”

Bai sake tambaya ba, bai kuma sake ba da labarin ba. Yana cin abinci kaɗan. Jiya da na ce zan rubuto maka, ya ce in gaishe ka, in ce ka zo, yana son ya ji surutu a gidan.

Kaltum